Ranar da Muka Share Ɗakin Magini

Shekarun da na yi a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya sun fi waɗanda na yi a kowane gari, in ban da Damagaram inda aka haife ni. Kafin in zauna nan na sayar da goro a Kumasi, na yi dako a bakin teku a Abijan, na yi gadi a Jidda, na kuma yi damina biyu a Kano ina koyon ɗinkin da har yau ban iya ba. Abin da na tsira da shi daga yawon nan harsuna ne: Faransanci na lekkol, wato makaranta, da na titi, Larabci iri biyu, Buzanci na ciniki, da ɗan Ingilishin da zai saya mini ruwan sha. Shi ya sa duk wanda takarda ta ɗaure a unguwarmu, ko buron hukuma zai je ko asibiti, shagona yake fara leƙowa. Shayi nake sayarwa da sukari da taliya, amma rabin yinina tafinta ne ba lada.

Akwai wani magini da nake so ƙwarai, Bafillace daga yankin Dakoro, wanda Hausa ta riga ta cinye bakinsa. Ni kuwa Babarbare ne ta wajen uba, ga tsage nan a fuskata. Don haka tsakaninmu ba a gaisuwar kirki. In ya zo sayen shayi sai ya ce, "Bawana, auna mini, kuma ka cire yatsanka daga sikeli." Ni kuma in ce masa wanda aka haifa a gindin saniya bai san sikeli ba.

Wata safiya cikin hunturu katako ya karye da shi a bene na biyu. Ni na bi shi asibiti. Dole in faɗi gaskiya a nan, domin na ga asibitoci a ƙasashe da dama. Na ga inda sai ka sayo safar hannu da allura da kanka kafin likita ya taɓa ka, na ga inda aka bar mutum a baranda ana jiran danginsa su kawo kuɗi. A nan ba wanda ya tambaye shi takarda ko sisi. Suka yi masa aiki a ƙashin baya, suka kwantar da shi makonni, suka ciyar da shi. Sai ranar sallama likitan ya kira ni gefe ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai sake motsi ba. Ya lissafa mini abin da zai buƙata: keken guragu, katifa ta musamman don kada fatarsa ta ɓare, robar fitsari da ake canzawa a kai a kai, da ma'aikacin jinya mai zuwa gida. Na ce a ina ake karɓa? Ya ce da katin inshorar ma'aikata ake samu, ko katin naƙasassu. Na farkon sai wanda uban aikinsa ya yi wa rajista, na biyun sai ɗan ƙasa. Maginin bai da ko ɗaya. Uban aikin nasa ya kawo buhun shinkafa sau ɗaya, ba mu sake ganinsa ba.

Aka mayar da shi ɗakin da suke kwana su takwas, a wani gidan bulo da ba a gama ba, kusa da kori, busasshen rafin nan mai rairayi. Wansa, wanda shi ma lebura ne, ya koma aikin rabin yini don ya riƙa juya shi yana wanke shi. Duk da haka kafin zafi ya shigo gyambo ya buɗe masa a ƙarshen gadon baya, inda nauyin jiki ke sauka. Shi ba ya jin ciwon. Mu ne muke jin warin.

Al'adarmu a nan sananniya ce. Wanda ya naƙasa, a haɗa masa taimako bayan sallar Juma'a, a ɗora shi a kamyo, babbar motar kaya, a kai shi gida. Kirki ne, kuma tsoro ne, domin wanda ba ya iya gudu ba ya tsira ranar da ake kamen baƙi marasa takarda. Amma wan ya ƙi. Ya ce daga Ingizam kwalta ta ƙare, sai rairayi da girgiza har Arlit, kuma ko sun isa ƙauye, ɗakin shan magani mafi kusa tafiyar rabin yini ce a amalanke. Ya ce, "In na ɗora shi a motar nan, Alhaji, da hannuna na rufe shi."

Ana cikin haka wata mata ta zo shagona. 'Yar ƙasar ce daga arewa, malama a wata jami'a, tana ɗingishi da ƙarfe a ƙafar hagu, shan inna tun tana ƙarama. Wani ma'aikacin asibiti ne ya kwatanta mata ni.

Ta ce, "Alhaji, ina neman waɗanda suka naƙasa a cikinku."

Na ce, "Ba mu da su."

"Ba wanda ke faɗowa daga gini?"

"Kusan kowane wata."

"To ina suke?"

Na ce, "Gida."

Ta ce abin da take tsoro ke nan. Ta bayyana mini cewa tana son ta binciki yadda dokokin lafiya ke taɓa naƙasassun da ba su da kati, amma bincike sai da kuɗi, kuɗin kuma yana hannun wata gidauniya a hayin teku. Masu nema da yawa, ana zaɓar kaɗan. Sai ka fara nuna musu mutanen suna nan kuma suna cikin buƙata, su aiko wakilinsu ya gani da ido, sannan su zauna su yanke. Na ce mata ashe su ma kamar masu ba da iri ne, sai sun ga gona. Ta ce haka ne, sai dai gonar tata ana ɗora ta a kamyo kafin ta iso.

Na rufe shago na kai ta ɗakin magini ba tare da na aika ba. Muka same shi kwance kan tabarma da kwali, ƙudaje na bin bargon, gorar fitsari a gefen kansa. Ya ɗaga ido ya gan ta, ya gan ni.

Ya ce, "Kai Babarbaren banza, ka kawo mini mace ba ka ce in yi wanka ba?"

Na fassara mata, ta yi dariya, ta lanƙwasa ƙafar ƙarfen da ƙyar ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana tambaya ina juyawa. Da wan ya dawo, ta faɗa masa abin da zai biyo baya in an ba ta kuɗin. Duk wanda ya shiga binciken za a riƙa turo masa ma'aikacin jinya kowane mako, da kayan wanke gyambo, da keke, domin ba a auna ciwon mutum a tafi a bar shi da shi. A ƙarshe kuma za ta rubuta abin da ta gani ta kai gaban masu yin doka. Wan bai damu da masu doka ba. Sau uku yana tambaya, "Kowane mako ta ce?"

Daga ranar maganar kamyo ta mutu. Muka shiga jiran wakili.

Da ta kira ni ta faɗi ranar zuwansa, ta ce, "Alhaji, ku bar komai yadda na gan shi. Kada ku gyara komai." Ta maimaita da Faransanci, ta maimaita da Larabci. Na ce to.

Na ji ta sarai. Ba kunnena ne ya gaza ba. Sai dai a duk ƙasar da na zauna, baƙo mai tarbiyya haka yake cewa: kada ku wahalar da kanku. Mai gida mai tarbiyya kuma ya ce to, ya je ya yanka abin da yake da shi. Na ɗauki maganarta na ajiye a wannan layin. Na je na gaya wa wan cewa babban baƙo zai zo daga hayin teku domin ƙaninsa. Kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Ban taɓa ganin mutanenmu sun yi aiki da zuciya ɗaya kamar jajiberin nan ba. Masu fenti suka shafe bango da farar ƙasa. Aka kwaso rairayi mai laushi daga kori aka baza, aka shimfiɗa darduma ta wani ɗan kasuwa. Sauran masu kwana a ɗakin suka kwashe jakunkunansu zuwa gidan gaba. Mai shagon katifu ya ba da aron sabuwa da ledarta. Wata Ba'agadasa ta aiko da turaren wuta. Aka sayo dabinon Abalessa da tumatirin Tahifet, aka yanka ɗan akuya. Keken kuwa ni na aro shi da bakina, wajen wani Balarabe maƙwabcina da tsohuwarsa ke amfani da shi. Na kuma buɗe akwatina na ciro babbar rigata ta shadda, ɗinkin hannu, wadda na sayo a Kano ban sa ta fiye da sallah huɗu ba.

A Kano ɗin na ga guragu da sarkinsu, da makafi da nasu. In baƙo ya zo daga wata hukuma, sarkin ya san wanda zai gabatar da abin da zai nuna. A Jidda na ga masu bara suna kwance ƙyalle daga dungulmi in sun hango mai kuɗi. Na san duk wannan. Amma mu a nan ba mabarata ba ne, 'yan aiki ne, kuma abin da ɗan aiki ke da shi a ƙasar mutane rufin asiri ne kawai.

Da safe wanzami ya yi masa aski. Muka wanke shi, muka naɗe gyambon da sabon bandeji, muka zura masa riga, muka ɗaga shi mu uku muka zaunar a keke. Rabonsa da zama tun asibiti. Ya dubi hannun rigar, ya shafa aikin wuyan.

Ya ce, "Yau dai bawa ya san ubangidansa. Wannan rigar tun kakanka muke bin ku ita."

Na ce, "Ka yi a hankali, ba a saba wa jikinka da abin da ya wuce fatar tunkiya ba."

Ya yi dariya har da tari. Wan ya ɓoye gorar fitsarin ƙarƙashin rigar, ya ja ta ya rufe ƙafafun da suka shanye.

Suka iso da hantsi. Wakilin dattijo ne mai furfura, mai ladabi, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa. Malamar na bayansa. Na ga idonta ya bi bango, ya bi darduma, ya tsaya kan keken. Ba ta dube ni ba.

Dattijon ya zauna ya buɗe littafinsa. Ya tambayi yadda abin ya faru, magini ya faɗa. Ya tambayi asibiti, magini ya yaba musu, kuma yabon gaskiya ne. Sannan ya dafa hannun keken ya ce a ina aka samu? Magini ya dubi wansa. Wan ya ce, "Maƙwabta ne suka taimaka." Na juya masa haka. Ya tambayi wa ke kula da shi, aka ce ɗan'uwansa da jama'ar unguwa. Ya ce me ya fi buƙata yanzu? Magini ya sunkuyar da kai. Ba a roƙon baƙo ranar farko, balle abincinka na gabansa.

Ya ce, "Addu'a."

Malamar ta matso. Ta ce da ni in roƙe su su bari a nuna gyambon, ita za ta fita waje in sun fi so. Na faɗa wa wan. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Alhaji, gaya mata ƙanina ba akuyar kasuwa ba ne da za a ɗaga wa wutsiya."

Na ce mata wurin al'aura ne, ba za su so ba.

A nan ne nawa laifin ya cika. Maganar tana bakina da Faransanci, a jere: yallaɓai, keken na aro ne, katifar ta aro ce, rigar tawa ce, mutum takwas ke kwana a nan, kuma ƙarƙashin shaddar nan akwai ramin da hannunka zai shiga. Ba za ta ɗauki minti ɗaya ba. Amma mutanen unguwa sun cika bakin ƙofa da kayansu na Juma'a, Balaraben mai keke yana cikinsu kuma yana jin Faransanci, wan yana tsaye kamar uban ango. Na ga in na faɗa, tsirara zan yi masa a gaban jama'a. Magini kuma gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, yana murmushi yana riƙe da hannun keken. Sai na ɗauki buta na zuba shayi na biyu.

Dattijon ya ci nama, ya ci dabino. Da zai tashi idonsa ya yi ja. Ya ce a ƙasarsu tsoho yakan mutu shi kaɗai a ɗaki, sai wari ya sanar da maƙwabta, amma a nan ya ga mutanen da ba su da komai sun riƙe ɗan'uwansu da daraja. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na juya wa jama'a, aka yi ta kabbara.

A waje, yana shiga mota, malamar ta tsaya kusa da ni.

Ta ce, "Alhaji, me ka yi?"

Na ce, "Mun karrama baƙonki."

Ta ce, "Kun warkar da shi a takarda." Ta ja ƙafarta ta shiga mota.

Kafin la'asar aka zo karɓar keke, domin washegari za a kai tsohuwar asibiti. Da muka ɗaga magini, jini da ruwan gyambo sun ratsa bandeji, sun ratsa shadda, sun jiƙa mazaunin keken. Zaman awa huɗun ya ƙara buɗe ramin. Wan ya wanke keken da omo sau biyu kafin a mayar. Katifa ma ta koma shago. Farar ƙasar ce kawai ta zauna.

Muka jira watanni. Malamar ta aiko da kwalin bandeji da robobi daga aljihunta, suka ƙare. Wan yakan biyo ta shagona da yamma, ba ya tambaya, sai ya sayi ashana ya tsaya. In ce masa ba labari tukuna.

Sanyi ya fara dawowa ta kira. Ba a zaɓe ta ba. Ba zan rantse cewa safiyar nan ce kaɗai ta jawo ba, domin masu nema da yawa ne, kuma mutanen da ta iya nunawa ba su kai yadda ake so ba. Amma ta karanta mini abin da suka rubuta. Sun yaba aikin, sun ce a ganin wakilinsu jama'ar wurin sun riga sun toshe giɓin da kansu, kuɗin zai fi amfani inda ba a da irin wannan haɗin kai. Har sun ba ta shawara wata rana ta binciki yadda muka yi nasara.

Na kwana biyu ban gaya wa wan ba. Da na faɗa sai ya ce, "To, Allah bai nufa ba." Bai san abin da na haɗiye a ɗakin ba, ban kuma gaya masa ba.

Zazzaɓi ya soma kama magini. Aka kai shi asibiti, suka karɓe shi kamar da, suka wanke gyambon, suka ba shi magani, suka sallame shi zuwa tabarmar da ta kawo shi. Sau biyu ana haka. A na uku shi da kansa ya ce a kai shi gida, yana son ya ga tsohuwarsa. Bayan Juma'a aka haɗa taimako.

An samu kamyo mai ɗaukar dabino da taliya. Aka gyara masa wuri a saman buhuna, aka ja tamfol don rana. Ya rame har kunnuwansa sun fito. Na kawo masa ganyen shayi da sukari.

Ya ce, "Bawana, rigar nan da na ɓata maka, ka bar mini ita. In shiga gari da ita su ce na yi arziki a Aljeriya."

Na koma gida na ɗauko. Tabon bai fita ba duk wankin da aka yi, amma ta baya yake.

Na ce, "Aro ne. In ka warke ka kawo mini da ƙafarka."

Ya ce, "Babarbare da rowa. Ko a lahira sai ka biyo ni."

Bayan kwana biyar wan ya kira daga Arlit. Sun haye iyaka, sun wuce Asamaka, magini ya cika a hanya kafin su ga fitilun gari. A can aka rufe shi. Wan ya tambaye ni ko ya aiko da rigar. Na ce ya ba wani sadaka.

Malamar ba ta daina ba. A bara ta kira ni ta ce ta sami wata gidauniyar, tana sake rubuta dosiye na neman kuɗin, ko akwai wani? Akwai. Wani mai walda ne daga wajen Mirya, ƙarfe ya danne shi, yana kwance a ɗaki irin wancan. Na je da kaina na tara manyan ɗakin. Na ba su labarin magini tun daga farko, har da abin da na haɗiye, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce in baƙo ya zo kada a share, kada a yi turare, kada a aro komai, a kuma bar shi ya ga ciwon.

Babbansu ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsufa ya fara taɓa ka ne? Mutum ya taso daga hayin teku mu zaunar da shi cikin ƙazanta? Gobe a ce 'yan Nijar haka suke?"

Na shiga yi masa bayani da zafi, ina ɗaga murya. Sai na ga mai waldan yana kallon ƙasa, wajen takalmina. Na duba. Tun ina magana ƙafata take tura gorar fitsarinsa bayan jakunkuna, inda mai shigowa ba zai gani ba.